Shanun Aro

A shekarar da 'yan majalisa suka zo ƙirga shanun gwamnati, mun aro shanu ashirin da uku daga rugar Fulani, muka huda musu kunne, muka maƙala musu lambar gwamnati. Ni na riƙe kawunansu aka huda. An gane mu kafin azahar.

Gonar kiwo ce ƙarama a bayan Samaru, idan ka bi hanyar da ke ratsa gonaki ta fita Basawa. Yanzu babu ita, an yanka filaye. Ba ta jami'a ba ce, ba ta soja ba ce. Wata hukumar gwamnati ke da ita, hedkwatarta na can nesa, ni ban taɓa ganin ƙofarta ba. A takarda shanu sittin ne, ban da 'yan maruƙa. Ni ne makiyayi. Akwai leburori biyu masu yankan ciyawa, sai Manaja.

Kafin nan na yi dako a tashar jirgi ta Sabon Gari, daga baya na koma gadi. A gadin na ga ta kaina. Sito ne na siminti. Kowace safiya a kawo mini takarda in dangwala yatsa, shaidar cewa kaya sun kwana lafiya. Ban yi boko ba, inda aka nuna mini nan nake dangwalawa. Ranar da aka buɗe sito aka tarar rabin kaya babu, yatsana aka bi. Wata tara na yi a gidan yari. Na fito na tarar matata ta koma gidansu, ɗakina an ba wani. Ba na son yawan magana a kan wannan. Na faɗa ne don a san abin da nake tsoro.

Manaja ne ya ɗauke ni aiki. Haifaffen Sabon Gari ne, Kirista, aikin jirgi ya kawo ubansa daga kudu. Hausarsa ta Zazzau ce tsantsa, in kana bayan katanga ba za ka ce ba ɗan cikin birni ba ne. Ranar farko na gaya masa daga inda na fito, don kada ya ji a bakin wani.

Ya ce, "Ka saci simintin?"

Na ce, "A'a."

"Ka san kaska?"

"A hannun kawuna na tashi, da kiwo."

"To gobe ka zo da sandarka."

Ya ba ni ɗaki a jikin shinge. Yana kirana Sarkin Shanu, ina kiransa Oga.

Aikin a tsare yake. Kowace saniya da lambarta ta roba a kunne. Da safe in fita da su, da la'asar in dawo. Akwai tsohon ƙarfen tayar tirakta a rataye jikin mangwaro. In an zuba dusa a komi sai a buga shi, shanu su taho a guje ko daga ina suke. Ƙarshen wata Manaja ya fito da takarda, mu tsaya bakin ƙofar shinge, suna wucewa yana dubawa. Ya sa hannu, ni in dangwala a ƙasa cewa shanu sun cika a hannuna. Karon farko da ya miƙo mini tawada, na janye hannuna. Ya lura. Ya ce, "Ƙirga da kanka. In ba su cika ba kada ka taɓa." Shekara huɗu muna haka, kullum suna cika.

Wajen lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, motar dusa ta daina zuwa. Kuɗin magani da na man injin ruwa ma suka tsaya. Albashi kaɗai ke zuwa, shi ma sai ya ga dama. Manaja ya rubuta takarda, shiru. Ya sake, shiru. Ya sa kwat ya tafi hedkwata da kuɗin motarsa, ya dawo da yamma da ƙura a takalmi, ya ce an ce ana dubawa.

Da damina ba a gane ba, ciyawa ta rufa asiri. Rani ne ya tona. Shanu suka koma cin leda da lasar ƙasa. Biyu suka kwanta suka kasa tashi, sai da muka zura musu itace a ƙarƙashin ciki muka ɗaga. Manaja ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Dokar ita ce ba a sayar da saniyar gwamnati sai da takardar izini daga sama. Ya nemi izinin. Ba a ce a'a ba, ba a ce to ba.

Wata safiya wani mahauci daga Sabon Gari ya zo da a-kori-kura. Manaja ya zaɓi tsohuwar saniya da ta daina haihuwa, ya sa filaya ya cire lambarta, ya jefa a durowa. Washegari buhunan dusa suka zo, da maganin tsutsa, da jarkar mai. Na buga ƙarfe. Na daɗe ban ga gudu irin na ranar ba.

Ƙarshen wata ya miƙo takarda. Na ƙirga, hamsin da tara.

Na ce, "Nawa aka rubuta?"

"Sittin."

"Kai ka ce in ba su cika ba kada in taɓa."

"Ni na ce."

"To?"

"Kuɗin zai zo, in sayi wata in mayar mata da lambar. Wata biyu, Sarkin Shanu."

Na dubi shanun, bakinsu fari da dusa. Na dangwala. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Wannan ma a sani.

Wata biyu ta zama shekara uku. A cikin shekara ukun nan sau biyu kacal motar dusa ta shigo gonar. Kowane rani sai shanu sun ci 'yan'uwansu. Lambobi suka taru a durowa har ashirin da uku, takarda kuwa tana nan a sittin, da yatsana a ƙarƙashi kowane wata. Ba zan ce Manaja bai taɓa komai ba. Saniya guda kuɗinta asibiti ya tafi, lokacin da aka yi wa matarsa aiki a ciki. Da bakinsa ya gaya mini, yana kallon ƙasa. Sauran duk na ga inda suka shiga, don ni nake sauke buhunan.

A shekara ta ukun aka turo mai binciken kuɗi, wanda suke kira odita. Siriri ne, a kan acaba ya zo, da ruwansa a gora. An kawo masa nono bai sha ba, an kama masa kaza ya ce a sake ta. Ya gama da takardu ya ce shanu yake son gani. Ya ƙirga sau uku, talatin da bakwai. Manaja ya ce sauran an kai su kiwo nesa saboda rani. Odita ya ce, "Nesa ina?" Manaja ya nuna yamma da haɓa. Mutumin ya juyo ya dube ni. Na sunkuya ina cire wa wata kaska. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau acaba.

Watanni suka wuce ba mu ji komai ba, har muka ɗauka an manta. Ashe rahoton tafiya yake yi daga tebur zuwa tebur har ya kai majalisa. Sai ga takarda: kwamitin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati zai zo ranar Talata ta sama ya ga shanu da idonsa.

Manaja ya kira ni ofis, ya jawo durowa. Na ga lambobin na gane.

Na ce, "Oga, ba za ta yi ba."

"Lamba za su duba. Waɗannan mutanen ba su san gaban saniya da bayanta ba."

"Garke biyu ba sa haɗuwa a wuni ɗaya."

"Kai dai kai ni wurin Arɗo."

Rugar Arɗo tana hayin rafi. Shekaru yana shayar da shanunsa a kwatamin gonarmu da rani, Manaja bai taɓa karɓar ko sisi ba, in ana allura ma har nasa ake yi wa. Ni kuma ubana Babarbare ne, don haka tsakanina da Arɗo wasan Barebari da Fulani ne, babu kunya.

Ya hango mu ya ce, "A'a, Manaja, ka zo mini da bawana? Ko mayar da shi ka zo yi, ya cika ci?"

Na ce, "Ubangidanka ya zo duba dukiyarsa. Tashi ka ba ni buzun."

Da Manaja ya gama bayani, Arɗo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na ji aron riga, na ji aron tabarma ranar suna. Yau gwamnati ta zo aron saniya wurin Bafillace. To kunnen fa? Ka taɓa ganin an ari riga an huda ta?"

Manaja ya ce rami ne ƙarami, zai toshe. Ya yi alkawarin gishirin lasa da allurar damina.

Na ce, "A ba mu su mako guda su saba da namu."

Arɗo ya ce, "Mako guda a cikin waya? Kai ka saba da kwanan kulle, Babarbare, su ba su saba ba."

Da wani ne ya faɗa da mun raba hali. Shi kuwa sai na yi dariya. Ya yarda da wuni ɗaya: a zo rugar a huda ana saura kwana uku, a kora su da asubar Talata, su dawo kafin magariba. Muka huda, muka shafa wa ramukan baƙin mai saboda ƙuda.

Ranar Talata na yi iya dabarata. Na ɗauko harawa na barbaza ta tsibi-tsibi ko'ina a cikin shinge, na yayyafa kanwa, don kowace saniya ta sunkuyar da kai inda take. Farare ne duka, namu da na aro. Daga nesa garke ɗaya ne.

Da hantsi motoci suka shigo da jiniya. 'Yan majalisa biyar ne, da 'yan sanda, da mai ɗaukar hoto, da wani babba daga hedkwatarmu mai yawan murmushi. Odita yana can baya, rungume da fayil. Aka jera kujeru a inuwar mangwaro, aka kawo lemo. Wani ma'aikacinsu ya tsaya jikin wayar shinge yana kiran lambar kunne, leburori suna leƙa kunne suna amsawa. Sittin cif. Ciyaman na kwamitin ya dubi odita ya ce, "Malam, ko dai rana ce ta dake ka ran nan?" Aka yi dariya. Odita bai ɗago ba.

Da a nan aka tsaya da sun hau mota sun tafi. Amma Manaja ya ji daɗi ya wuce gona da iri. Ya aro kuɗi ya sayi dusa buhu biyar don ranar, yana so a ga ana ciyar da dukiyar gwamnati. Ya sa aka zuba a komi. Ina can tsakiyar shinge ina ɗaga masa sanda, bai gan ni ba. Ya ɗauki guduma da kansa ya buga ƙarfe.

Namu talatin da bakwai suka watsar da harawa suka ruga komi. Na Arɗo suka ɗaga kai, suka zabura, suka taru a lungun yamma, suka juya wa kowa baya suna kallon hanyar rafi. Tsakanin garken biyu fili ne fetal, sai ni kaɗai a tsaye da sanda.

Yawancin baƙin ba su ga komai ba. Wani ma tafi ya yi. Amma akwai ɗan majalisa ɗaya gajere mai furfura a gemu, tun zuwansu bai ce uffan ba. Ya tashi, ya tattara babbar rigarsa a kafaɗa, ya shigo shinge da takalminsa mai tsada, yana taka kashin shanu ko a jikinsa. Ya nufi lungun yamma a hankali, ta gefe, yadda mai kiwo ke yi. Ya yi wata 'yar ƙara da harshe, wata karsana ta tsaya. Ya kama kunnenta ya juya. Baƙin mai, da ɗanyen rami. Ya kama ɗaya kunnen, ga tsagar gidan Arɗo.

Ya ce, "Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, ranka ya daɗe."

"Waɗannan azumi suke yi?"

Na ce, "Ba su san ƙarfe ba."

"Shekara nawa suna nan ba su san shi ba?"

Na gyara riƙon sandata.

Ya ce, "Ni ma na yi kiwo kafin a kama ni a kai ni makaranta." Bai ɗaga murya ba. Ya saurara, ya nuna wata da ke ta kuka jikin waya. "Waccan ta bar maraƙi a gida. A mayar wa mai su yanzu, kada nono ya sankare mata."

Ya koma inuwa ya yi wa Ciyaman magana a kunne. Ba a ƙara taɓa lemo ba. Aka ce gobe da ƙarfe goma kwamiti zai zauna a wani zaure a Sabon Gari, Manaja ya zo, babban hedkwata ya zo, makiyayi ma ya zo. Odita ya buɗe fayil ya nuna wa mai furfura takardun ƙarshen wata. Daga inda nake ina hango shuɗin yatsana a jere.

Na kora shanun Arɗo na kai masa. Ya ga fuskata bai yi wasa ba. Ya ce, "Allah Ya sa a gama lafiya." Ya sa aka ba ni kindirmo, na kasa sha.

Bayan la'asar na hau bas zuwa gidan Manaja a Sabon Gari. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo, a bayan layin masu gyaran rediyo. Madam, matarsa, ta buɗe mini. Ta ce, "Baba, shigo, yana ciki. Tun da ya dawo ko takalmi bai cire ba." Ta ajiye mini shinkafa ta fita.

Manaja ya ce, "Mutumin hedkwata bai daɗe da tashi daga kujerar nan ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce in ɗora maka. Wai shanu a hannunka suke, yatsanka ke kan takarda, kuma ka taɓa zama gidan yari. Wai in ce kai kake kawo mini lissafi, ni ban ƙirga ba. Ni a rage mini girma kawai, fanshona ya tsira. Saura shekara biyu in yi ritaya."

"Kai kuma kada ka ta da maganar dusa."

"Ka gane."

"Me ka ce masa?"

"Na ce zan yi tunani."

Na dube shi. Mutumin da ya ba ni ɗaki lokacin da ba mai ba ni ruwa. Yaransa biyu suna makaranta. Ban ga laifinsa da ya yi tunani ba, ni ma da zan yi.

Na ce, "Oga, ni ba zan koma can ba. In an tambaye ni zan faɗi abin da na sani."

"Duka?"

"Duka."

"Har ta asibiti?"

"In an tambaya."

Ya daɗe yana murza goshi. Sai ya ce, "Ci abincinka, kada ta ce ka raina girkinta." Na ci loma uku na tashi. Bai ce mini ga abin da zai yi ba. Na koma Samaru na ɗaure kayana a buhu, na gaya wa leburori wace saniya ce ke kusa da haihuwa, ko da ba zan dawo ba.

Zauren yana da fanka ɗaya mai ƙara. 'Yan majalisa a kan dogon tebur, mu a benci. Babban hedkwata aka fara kira. Ya zo da takardu masu yawa. Ya ce kuɗin abincin shanu bai taɓa tsayawa ba, duk wata uku ana biyan ɗan kwangila, yana kai dusa mota guda, ga rasit. Da Turanci yake yi, mai furfura ya ce a yi da Hausa don makiyayi ya ji.

Sai aka ce in tashi. Ba a ba ni Alƙur'ani ba, an dai ce in faɗi gaskiya.

Mai furfura ya ce, "Baba, a shekara ukun nan mota nawa ta kawo dusa?"

"Biyu."

"Takarda ta ce goma sha biyu."

"Ni nake saukewa, ranka ya daɗe. Ɗaya ana saura kwana kaɗan babbar salla, ɗaya ranar da iska ta yaye rufin sito. Hanyar shiga ɗaya ce, ta ƙofar ɗakina take bi."

Babban hedkwata ya ce, "Yallaɓai, wannan mutumin ko sunansa bai iya rubutawa ba."

Mai furfura ya ce, "Mota ya ƙirga, ba harafi ba. Zauna." Ya ɗaga takarda ɗaya ya nuna mini. "Wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne."

"Ka san shanu ba su cika ba ka dangwala?"

"Na sani."

"To ina shanu ashirin da uku?"

Na buɗe baki, sai na ji benci ya motsa. Manaja ne ya miƙe, ba a kira shi ba. Ciyaman ya ce ya jira. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya jira ba. Ni na sayar da su. Ni na cire lambobin, ni na rubuta sittin, ni na je aro. Wannan bawan Allah ya hana ni tun saniyar farko. Ni ne shugabansa, ɗakin da yake kwana ma a hannuna yake. Kada a nemi komai a wurinsa." Ya zaro wani tsohon littafi daga aljihun kwat, da kwafen wasiƙun da ya riƙa aikawa hedkwata, ya ajiye a tebur. Ya ce kowace saniya da ranar da aka sayar da ita da abin da aka saya suna ciki, duka ashirin da ukun cikin sauran shanun suka koma.

Odita ya karɓi littafin ya fara dubawa, yatsansa na bin layi. Babban hedkwata ya daina murmushi.

Mai furfura ya juyo gare ni. "Baba, kai ka ga shigar kayan. Haka ne? Duka ashirin da ukun?"

Manaja bai dube ni ba, fankar yake kallo.

Na ce, "Haka ne."

Ƙaryar da na yi a zauren ke nan, ta saniya guda. Da an ɗora mini Alƙur'ani ban san yadda za ta ƙare ba. Mai furfura ya ɗan jima yana kallona. Ina jin ya san akwai saura. Ya ce, "Zauna, Baba. Nan gaba ka riƙa jin tausayin yatsan nan."

Ba a kama ni ba. Da azahar na hau bas na koma na kwance buhuna.

Cikin wata guda motar dusa ta zo sau biyu, har da gishiri. An dakatar da Manaja, daga baya aka sallame shi, fansho bai samu ba. Ba a kai shi kotu ba. An ce littafin nan ne ya cece shi, kuma mai furfura ya tsaya masa. Babban hedkwata an ɗauke shi daga kujerarsa zuwa wata. Na ji an ce kwamiti ya rubuta a karɓo kuɗin mota goma daga ɗan kwangila. Ko an karɓo, ni ban sani ba. Abin da na sani, shekara biyun da suka biyo baya ban ƙara ɗaga saniya da itace ba.

Ban riƙe odita a zuciya ba. Abin da ya gani ya rubuta, aka yi masa dariya a gaban jama'a bai tanka ba. Mai furfura ma aikinsa ya yi. Da sun zo tun ranin farko da saniya ɗaya za a yi magana a kanta. Sun zo a makare, suka tarar da wanda ke kusa.

Ranar da Manaja ya zo kwashe kayansa na ɗaukar masa kwali zuwa bakin hanya. Muna jiran mota ya ce, "Ka yi ƙarya saboda ni jiya-jiyan nan, Sarkin Shanu. Malaminku zai ji."

Na ce, "Kai ka fara. Fastonku ya ji tukuna."

Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu. Na ce masa na gode. Ya ce, "Da na kwana ina tunani, sai na ga ba zan iya cin fanshon ba." Iyakar abin da muka taɓa cewa a kan maganar ke nan.

Daga baya aka rufe gonar, aka yi gwanjon shanun da suka rage. Manaja ya buɗe shagon abincin kaji a Sabon Gari da jarin Madam. Bai yi arziki ba, amma yaransa sun gama makaranta. Ƙafafunsa sun kumbura yanzu, ba ya iya ɗaga buhu.

Ni ina Jushi, a ɗaki guda na haya. Ina yi wa mutane kiwon ragunan layya, su biya ni in sun sayar. Ranar Litinin da Alhamis motar kaya tana zuwa shagon Manaja, sai in je in sauke masa.